Filin da Malama Usur Ta Auna

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati da ke bakin gari, can inda bas ke juyawa ta koma, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa, ba zai ce maka allo ko bulala ba. Usur zai ce maka. Akwai likitan da ya rantse cewa har gobe in ɗan sanda ya busa usur a titi, sai ya ji ƙafafunsa sun zabura kafin hankalinsa ya dawo. Mai usur ɗin kuwa mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, wadda ba a taɓa ganin ta tana tafiya a hankali ba, ko da dubiyar mara lafiya za ta. Sunanta na yanka yana nan, amma daga ɗalibai har maigidanta, Malama Usur ake ce mata.

Ta zo makarantar tana sabuwar amarya, a shekarar da aka buɗe ta, aka ba ta koyar da wasanni. Makaranta a lokacin suna ce kawai: jerin azuzuwa biyu, ofis ɗaya, rijiya, sai gonaki hagu da dama. Babu katanga, awaki kan leƙo aji su ga abin da ake ciki su ƙara gaba. Malaman da aka turo, kowa neman hanyar komawa cikin birni yake yi. 'Yan makarantun birni kuwa "'yan ƙarshen layi" suke kiran ɗalibanta, kuma ba da yabo suke faɗa ba.

Shugaban farko wani ƙato ne da ake kira Dogo, mutumin da in ya yi dariya sai tagogin ofis sun amsa. Shi ya tsayar da ita a bayan azuzuwa, ya nuna mata wani fegi mai ƙaya da gidan tururuwa.

"Malama," ya ce, "ɗakin gwaje-gwaje ba mu da shi, laburare ba mu da shi. Abin da Allah ya ba mu fili ne da yara masu ƙafa. Ki yi mana wani abu da su."

Ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta sayo doguwar igiyar roba, irin shuɗiyar nan da ake shanya a kai, ta kai wa maigidanta. Shi tela ne, ya shimfiɗa ta a ƙasan shago, ya bi ta da tef ɗinsa na awo a tsanake, yana ɗaura jan ƙyalle a kowace mita goma. Kashegari ita da Dogo suka shiga filin, ita da turaku da guduma, shi da bakin igiya. Dogo ba ya yin abu rabi da rabi. Sai ya naɗe igiyar a hannu, ya kafa dugadugansa a ƙasa, ya ja har ta yi tsam.

"A ja da kyau," yake cewa, yana gumi, "kada mu cuci yara."

Haka suka zagaye fegin, suka fitar da da'irar gudun mita ɗari huɗu, ta bi ta da farar ƙasa. Sannan ta kafa dokar da ba ta taɓa sassautawa ba: namijin da ya zagaye filin cikin minti ɗaya shi zai sa jar riga, mata kuma aka ƙara musu ɗan lokaci. Jar rigar maigidan ne ke ɗinka ta, da farin layi a ƙirji, kuma wanda ya sa ta shi ke wakiltar makaranta.

Shekara ta farko babu wanda ya kai. Ta biyu ma haka. Malama ta yi faɗa har muryarta ta dishe.

"Wannan gudu ne ko rakiyar baƙo?" take cewa. "Kakata da sandarta za ta wuce ku ta waiwayo. A sake!"

A shekara ta uku yara huɗu suka kai, da ƙyar da jiɓin goshi. Ta loda su a bayan a-kori-kura zuwa gasar makarantu a babban filin wasa na birni. 'Yan birni da takalmansu masu ƙusa suka dubi ƙafafun yaranta suka yi ta ƙunshe dariya. Aka zo gudun miƙa sanda. Da farko babu wani abin a zo a gani, kowa na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Amma duk inda aka kai kwanar ƙarshe, inda numfashi ke ƙare wa kowa, sai a ga mai jar riga kamar yanzu ya fara. Na ƙarshensu ya tsallake layi bai ma san ya tsallake ba, ya ci gaba da sheƙa gudu sai da alƙalai suka yi ta ƙwala masa kira.

"Malama," ya ce yana haki, "filin nan nasu bai yi saurin ƙarewa ba kuwa?"

"Tsoro ne ya sa maka fiffike," ta ce. "Riƙe kofin da hannu biyu."

Wannan kofin shi ya buɗe ƙofa. Iyayen da ke tura 'ya'yansu birni da asuba suka fara cewa, to, me ya yi zafi, ga makaranta a hancinmu? Ƙungiyar iyaye ta yi katanga, bayan 'yan shekaru ta gina ɗakin gwaje-gwaje. Wani malamin lissafi da aka ba damar komawa birni ya ce shi dai a bar shi nan. 'Yan mata ma suka fara kawo nasu kofunan, har ɗaya ta wakilci yankin gaba ɗaya. Sai abin ya zama kamar gasa a cikin gida: masu muhawara suka ce ba za a bar su a baya ba, masu kacici-kacicin kimiyya ma haka, sakamakon jarrabawa ya yi ta hawa. Makarantar ta yaye likitoci da injiniyoyi da direbobin bas masu ladabi. Gari ya biyo ta ya haɗiye gonakin, shaguna da kantin magani da wurin wankin mota suka zagaye katangar. Kabad ɗin kofuna sau biyu ana canza shi da babba. Malama ba ta taɓa cewa ita ta yi duk wannan ba, amma in wani ya faɗa a gabanta, ba ta musa masa.

Cikin yaran da suka bi ta hannunta akwai wani siriri, ɗan mai gyaran keke, wanda ya sa jar rigar nan a ransa kamar me. Tun yana aji ɗaya har ajin ƙarshe, kullum shi ke fara isa fili. Ya yi gudu bakin rai bakin fama, amma duk sanda ta latsa agogo, sai ta tarar ya haura minti ɗaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ta nuna masa fuskar agogon ta ce, "Saura ƙiris." Tun abin yana magana har ya zama suna, makaranta kaf ta koma kiran sa Saura-ƙiris. A shekararsa ta ƙarshe ya same ta tana zuba farar ƙasa, ya durƙusa.

"Malama, ki ara min rigar ko ta yini ɗaya ce. Babana nake so ya gan ni a ciki."

Abin ya taɓa mata zuciya, don tana son yaron. Amma ta ce masa agogo ba ya ƙarya, kuma in ta ba shi, ta ci amanar waɗanda suka kai. Ya tashi ya tafi. Daga ranar bai ƙara taka filin ba, ya tattara hankalinsa ya mayar kan lissafi.

Shi ne ya dawo bayan shekaru a matsayin shugaban makaranta, da tabarau da tumbi da furfura jefi-jefi. A gaban jama'a tana ce masa Shugaba, shi kuma Mama yake ce mata ko a ina. Suna zaune lafiya har shekarar da ta rage mata ɗaya ta ajiye aiki. A shekarar ne ya sanar a taron malamai cewa hukumar ilimi ta amince da gina sabbin azuzuwa, kuma babu wurin da za a sa su sai filin gudu.

Ana tashi ta bi shi ofis, usur na lilo a wuyanta.

"Ranka ya daɗe, Shugaba."

Da jin haka ya san babu lafiya. "Mama, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Filin nan shi ya haifi makarantar nan. Har kujerar da kake kai, shi ya jawo ta."

"Na sani, Mama, wallahi na sani. Amma ki leƙa aji ɗaya ki gani. Yara a kan taga suke ɗaukar darasi. Kuma ba duka za a ci ba, gefe ɗaya ne."

"In aka ci gefe ɗaya, da'irar ta mutu. A ina ka taɓa ganin an yi gudu a rabin fili?" Ta dube shi sama da ƙasa, sai bakinta ya riga hankalinta. "Ko dai rigar da ban ba ka ba ce kake ramawa?"

Ya gyara biron da ke kan tebur wanda ba ya bukatar gyara. "Haba, Mama," kawai ya ce.

Ta fita tana jin haushin kanta, amma ba ta janye maganar ba. Ta bi ta aji ɗayan da niyyar ƙaryata shi. Ta tarar da yara uku-uku har huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa da littafi a cinya, wata 'yar ƙarama a kan taga tana kare rana da jakarta. Wannan ya fi komai ɓata mata rai, don da ƙarya ya yi da ta san yadda za ta yi da shi.

A gida ta zube a kujerar da ke kusa da keken ɗinki. Maigidan, wanda yanzu sai da tabarau yake zura zare, bai ɗaga kai ba.

"Malama, yau wa aka busa wa?"

"Za su cinye min fili."

"To, ai saura shekara ɗaya ki huta."

"Shi ya sa nake jin zafin. Ni da Dogo muka cire ƙayar wurin nan da hannunmu. In tafi in bar wa mai gadona usur babu fili? Ta busa wa wa?" Ta sauke murya. "Kuma yaran can suna bukatar aji. Na gani da idona."

Bai ba ta shawara ba. Zaman shekaru ya koya masa cewa ba ita take nema ba.

Ranar da safiyo ya zo auna ƙasa, tun da hantsi tana tsaye a bakin fili, hannu a ƙugu. Saurayi ne mai hular kwano, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa nan, ya leƙa can. Shugaba da wasu malamai suna gefe, har da matashiyar malamar da za ta gaje ta. Can sai safiyon ya matso.

"Mama, wannan zagayen na mita nawa ne?"

"Ɗari huɗu. Tun ba a haife ka ba."

Ya yi murmushin ladabi. "Ai kuwa ya haura. Ya ɗara da kusan arba'in."

"Na'urarka ba ta da lafiya, ɗana. Sake leƙawa."

Ya sake, ya ce haka yake. Malama ta nufi sito da saurinta. A ƙarƙashin tsofaffin ƙwallaye da raga ta zaro shuɗiyar igiyar, jajayen ƙyallayen sun koɗe amma suna nan daram. Ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta ce ya kawo tef ɗinsa na ƙarfe. Ya shimfiɗa a gefenta. Kowane ƙyalle ya faɗa daidai kan lambarsa.

"Ka gani?" ta ce, tana duban malaman ɗaya bayan ɗaya. "Maigidana bai taɓa yanka wa mutum wando ya ɗage ba."

"Igiya daidai take," in ji safiyo. "A haka kuka auna, tana kwance?"

"Wane irin kwance? Ai sai an ja." Ta ɗauki baki ɗaya ta taka, ta miƙa wa Shugaba ɗayan. "Riƙe. Naɗe a hannu. Ja da kyau."

Shugaba ya naɗe, ya kafa dugadugansa, ya ja. Igiyar ta miƙe, ta ci gaba da miƙewa. Malama tana kallo jan ƙyallen ya bar lambarsa, ya silale gaba, ya ƙara silalewa. Sai ta ga Dogo a idon zuciyarta, yana gumi, yana ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, kuma ta tuna yaron da ya ce filin birni ya yi saurin ƙarewa.

Dariya ce ta fara ƙwace mata, irin wadda ba a shirya ba. "Allah ya ji ƙan Dogo," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Wai kada mu cuci yara!"

Safiyo ya koma kan na'urarsa, ya yi 'yan leƙe-leƙe, ya dawo da fara'a. Ya ce in aka zana da'irar a kan awonta na gaskiya, za a sami rarar ƙasa ta wajen katanga, kuma in aka yi ginin bene, azuzuwan za su shiga ba tare da sun taɓa layin gudu ba. Malamai suka ɓarke da tafi. Malama ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta gode wa Allah a fili. Filinta zai rayu, 'yar kan taga kuma za ta sami benci.

Mutum ɗaya ne bai yi tafi ba. Shugaba yana tsaye da igiyar a hannu, leɓɓansa na motsi a hankali. Ta san wannan fuskar, fuskar malamin lissafi ce yana aiki da ka. Ta san kuma lissafin da yake yi. Murnarta ta tsaya cak.

"Mama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in filin ya haura da haka, to ashe ni..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. "Ka kai. Tun kana aji huɗu ka kai, har ka wuce."

Ya cire tabarau ya yi ta goge su da bakin riga. "Na daɗe ina ganin laifin ƙafata," ya ce. "Babana har ya rasu yana ce min ba komai."

Ta karɓi igiyar daga hannunsa ta naɗe ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba shi kaɗai ta tuna ba. Fuskoki ne suka yi ta zuwar mata, duk waɗanda ta nuna wa agogo ta ce saura ƙiris.

Da ta ba maigidan labari, sai da ya ajiye almakashi ya yi dariya mai isarsa.

"Ni dai na auna daidai. Ku da ƙatonku kuka ja."

"Na ji. Akwai sauran jan yadi?"

"Na wa?"

"Na mutane da yawa. Kuma ba sirara ba ne yanzu, sai ka saki hannu."

Ta bi su ɗaya-ɗaya, don babu wanda ta manta. Wani a kanti ta same shi, wata a asibiti tana aikin jinya, wani a bakin sitiyarin bas. Waɗanda suka yi nisa ta aika musu da saƙo ta bakin 'yan'uwansu.

Ranar da aka buɗe sabon bene da sabon fili, ita ce kuma ranar sallamar Malama. Ɗalibai sun cika maƙil, iyaye a ƙarƙashin rumfa, kofuna a jere a kan tebur suna ƙyalli. Aka yi jawabai a kan tarihin makaranta, daga awaki har zuwa bene. Da aka miƙa mata makirfo sai ta ture shi, ta busa usur sau ɗaya. Tsofaffin ɗalibai masu jikoki suka miƙe zumbur ba su sani ba.

Ta faɗa wa taron labarin igiya yadda yake, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, jama'a na ta dariya. Sannan ta buɗe wata babbar jaka, ta fara kiran mutane da laƙabinsu na makaranta. Suka riƙa fitowa, manya da su, kowa ta miƙa masa jar riga mai farin layi. Dariyar ta lafa, wasu iyaye mata suka fara share hawaye. Da ta zo kan ta ƙarshe, ta ɗaga ta sama, mai faɗi ce kamar zanin gado.

"Saura-ƙiris!"

Ɗalibai suka dubi juna, ba su san mai wannan suna ba. Sai ga shugaban makarantarsu ya taso daga kujerar manyan baƙi. Ya cire kwat ɗinsa ya ba mataimakinsa, ya karɓi rigar da hannu biyu, ya zura ta a kan farar shat ɗinsa. Ta zauna masa cif, har tumbin, don tela ya daɗe da auna shi da ido.

"Ta yi latti, ɗana," ta ce masa, yadda shi kaɗai zai ji. "Amma taka ce, ba aro ba."

Ya shafa farin layin da ke ƙirjinsa, ya koma mazauninsa, kuma bai cire rigar ba har aka tashi.

Da jama'a suka watse, matashiyar malamar ta same ta a bakin sabon layin farawa, fari tas, an auna shi da na'ura. Malama ta cire usur daga wuyanta ta rataya mata.

"Mama, gobe daga nan zan tayar da su?"

"In gwajin riga ne, daga nan. Agogo ya faɗi gaskiya, fili ma ya faɗi gaskiya." Sai ta juya ta nuna wani tsohon turke can baya, kamar mita arba'in daga layin, kusa da katanga, wanda ta hana magina cirewa. "Amma ranar atisaye, daga can za su taso."

"Kamar dā ke nan."

"Kamar dā," in ji Malama, tana gyara mayafinta. "Sai dai ke ki gaya musu ya fi ɗari huɗu."